Nazarin Bunƙasar Gidan Ƙwai da Tsarin Haihuwa a Wajen Ƙudan Zuma: Waiwaye a Amyoyin Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda gidan ƙwai yake ginuwa a jikin macen ƙudan zuma, da dalilin da ya sa mace ɗaya tak take haihuwa a amyar da ke ɗauke da mata dubbai. An ɗora bayanin a kan abin da masana ilimin ƙwari suka tabbatar, sannan aka auna shi da yadda ake kiwon zuma da ɗibarsa a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe na kudancin Jihar Sakkwato. Maƙalar ta nuna cewa abinci ne yake raba uwar zuma da ma'aikaciya tun suna tsutsa, kuma amyar da ta rasa uwa tana da kimanin kwana shida ne kawai ta fara renon wata. Sanin wannan ɗan taƙin lokaci ya shafi aljihun duk mai amya.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani, ya wuce Dogon Daji ya doshi Tambuwal, zai riƙa hango amyoyi a saƙale a rassan ɗorawa da tsamiya da kaɗanya. Idan ya karkata kudu zuwa ƙasar Kebbe, inda ruwan sama ya ɗan fi yawa kuma itatuwa suka fi kauri, zai ga sun ƙaru. Ana saƙa amyar da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta da ƙamshi, a ɗora ta a bisa, sauran aikin kuma a bar wa ƙuda. Ƙudan da yake shiga waɗannan amyoyi shi ne wanda masana suke kira Apis mellifera adansonii, jinsin Afirka ta Yamma. An ba shi sunan ne a shekarar 1804 don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai da dabbobin ƙasar Senegal.

Masu amya sun san ƙudansu. Sun san furen da yake so, sun san lokacin shigarsa da na ƙaurarsa, sun kuma san cewa shan zuma sai da harbi. Abin da amyar ciyawa ba ta bari su gani shi ne abin da yake gudana a tsakiyarta, inda ake haihuwa. Shi ya sa koke ɗaya yake yawan maimaituwa a bakinsu: an ɗebi zuma lafiya, ƙuda bai gudu ba, amma bayan wata biyu amya ta mutu a tsaye. Amsar wannan koke tana cikin wata gaɓa da ba ta kai ƙwayar wake girma ba, wato gidan ƙwai.

2.0 Sarki ko Uwa?

Da yawa daga masu amyar da na zanta da su suna kiran babban ƙudan da sauran suke kewayewa da sunan sarki. Ba Bahaushe kaɗai ya yi wannan zato ba. Tun zamanin Aristotal Turawa suke kiransa sarki, sai a shekarar 1609 Charles Butler na Ingila ya wallafa littafin da ya kafe a kan cewa mace ce take bisa gadon. Bayansa Jan Swammerdam na ƙasar Holan ya feɗe wannan ƙuda a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga gidan ƙwai cike maƙil, gardama ta ƙare. Aikin nasa bai fito ba sai a 1737, shekaru da dama bayan rasuwarsa.

Littattafan makaranta sun fi amfani da kalmar sarauniya. A ganina kalmar uwa ta fi dacewa, kuma ita zan riƙe a wannan maƙala, domin wannan halitta ba ta ba da umarni. Ba ita take yanke shawarar ƙaura ba, ba ita take zaɓen magajiyarta ba, ko abincinta ma sai an ɗura mata a baki. Aikinta haihuwa ne. A lokacin yalwar fure tana iya saka ƙwai 1,500 zuwa 2,000 a yini, nauyin da ya kusa kai nauyin jikinta.

3.0 Yadda Gidan Ƙwai Yake

Kowace macen ƙudan zuma tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu. Kowane ɗaya tarin zaruruwa ne masu rami, a jere kamar zaren da aka ƙulle bakinsa wuri ɗaya. A can ƙarshen zaren, inda ya fi siranta, ƙwayoyin asali suke rarrabuwa. Ɗaya daga cikin kowane rukuni ita take zama ƙwai, sauran su zama masu renonsa, suna tura masa abin da zai ginu da shi. Yayin da ƙwan yake gangarowa cikin zaren yana tsotsar wani furotin mai suna bitelojenin, wanda kitsen jikin uwar yake haɗawa ya zuba a jininta. Shi ne gwaiduwar ƙwan. Kafin ya kai gindin zaren ya nuna, an yi masa ɓawo.

A nan bambancin yake bayyana. Uwa tana da zare kimanin 150 zuwa 180 a kowane ɓangare, har gidan ƙwan ya cika mafi yawan cikinta, shi ya sa ta fi kowa tsawon ciki. Ma'aikaciya kuwa galibi zare 2 zuwa 12 gare ta, su ma a tsumure, babu ƙwai a ciki. Uwa tana da wata 'yar jaka mai kama da ƙwayar gero inda take ajiye maniyyi, wadda za a iya kira taskar maniyyi. Ta ma'aikaciya alama ce kawai ta rage, ba ta aiki, don haka ba a yi mata barbara.

3.1 Kwana Ukun da Suke Raba Su

Abin lura shi ne, ƙwan da zai zama uwa da wanda zai zama ma'aikaciya iri ɗaya ne, babu bambancin gado a tsakaninsu. Ƙwai yana yin kwana uku ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. A wannan mataki kowace tsutsa mace tana da tushen zaruruwan ƙwai fiye da ɗari a kowane ɓangare. Ke nan kowace ma'aikaciya da muke gani a kan furen mangwaro an haife ta da kayan zama uwa.

Matasan ma'aikata masu reno suna fitar da wani farin abinci mai kauri daga wasu ƙulluttai da ke kansu, wanda ake kira madarar sarauta. Tsutsar da aka zaɓa ta zama uwa ana gina mata ɗaki na daban mai kama da kwanson gyaɗa, yana reto ƙasa, a cika shi da wannan madara har tana iyo a ciki, kuma ba a sauya mata abinci har a rufe ɗakin. Sauran tsutsotsi ana auna musu abinci, bayan kwana uku kuma a riƙa gauraya musu shi da zuma da garin fure. Yalwar abincin tana ɗaga wani sinadarin jiki da ake kira homon ƙuruciya. Binciken Klaus Hartfelder da abokan aikinsa a ƙasar Barazil ya nuna cewa idan wannan homon ya yi yawa, zaruruwan suna tsira. Idan ya yi ƙaranci, kamar yadda yake a jikin tsutsar ma'aikaciya, ƙwayoyin zaruruwan suna kashe kansu a matakin ƙarshe na tsutsa, 'yan kaɗan su saura. Gidan ƙwan ma'aikaciya an fara gina shi ne sannan aka rushe.

Mene ne a cikin madarar yake yin wannan aiki? A nan masana ba su haɗu ba. A 2008 wasu masana a birnin Kanbera na Ostireliya suka toshe aikin wata ƙwayar gado mai suna Dnmt3 a jikin sababbin tsutsotsi, sai mafi yawansu suka fito a matsayin uwaye masu cikakken gidan ƙwai. Wannan ya nuna abinci yana kunna wasu ƙwayoyin gado ne ya kashe wasu, ba tare da ya sauya su ba. A 2011 Masaki Kamakura na Japan ya ce ya gano furotin ɗaya da yake mayar da tsutsa uwa, amma a 2016 wasu masana a Jamus suka maimaita gwajin ba su sami abin da ya samu ba. Ni dai na fi karkata ga masu cewa yawan abinci da zaƙinsa da haɗuwar sinadaransa ne gaba ɗaya suke aikin. Neman sinadari ɗaya tilo ya fi kama da neman laƙani.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne lokaci. Tsutsar da ta wuce kwana uku da ƙyanƙyashewa ta riga ta kama hanyar zama ma'aikaciya. Wadda aka fara renonta tana kwana ɗaya ta fi wadda aka fara tana kwana uku yawan zaruruwa da girman taska. Uwa tana kammala halitta cikin kwana 16 daga ranar da aka saka ƙwanta, ma'aikaciya 21, namiji 24. Wannan lissafin ƙudan Turai ne, na Afirka yakan rage kwana ɗaya ko biyu.

4.0 Barbara da Taskar Maniyyi

Bayan kamar mako ɗaya da fitowarta, sabuwar uwa tana tashi da rana zuwa wani sarari a sama inda mazan amyoyi daban-daban suke taruwa. A cikin iska ake barbarar, da maza goma sha biyu ko fiye, kuma kowane namiji yana mutuwa da ya gama. Daga abin da ta karɓa tana adana ƙwayoyin maniyyi kimanin miliyan 5 zuwa 6 a taskarta. Da shi za ta yi amfani tsawon rayuwarta, shekara biyu ko uku, wani lokaci fiye. Ba ta sake fita barbara.

Idan ta zo saka ƙwai, takan auna faɗin idon saƙa da ƙafafunta na gaba. In ƙarami ne, sai ta saki maniyyi a kan ƙwan, ya zama mace. In babba ne, sai ta bar shi haka nan, ya zama namiji. Johann Dzierzon, wani limamin coci mai kiwon zuma a yankin Silesiya, shi ya fara bayyana haka a 1845, aka daɗe ana musa masa. Yau an san mace tana da kuromosom 32, namiji 16. Namijin ƙudan zuma ba shi da uba, amma yana da kaka na wajen uwa.

Akwai wani haɗari a nan da ya shafi inda amyoyi suka yi ƙaranci. A 2003 Martin Beye da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da take tantance jinsi. Ƙwan da aka yi wa barbara yana zama mace ne idan kwafin da ya gada daga uwa ya bambanta da wanda ya gada daga uba. Idan suka zo iri ɗaya, kamar yadda yake yawan faruwa in uwa ta haɗu da danginta na kusa, sai ya zama namiji marar amfani, kuma Jerzy Woyke na ƙasar Folan ya nuna tun 1963 cewa ma'aikata suna cinye irin wannan tsutsa. Sare manyan itatuwa masu kogo don gawayi yana rage gidajen ƙudan daji, wato yana rage baƙin mazan da sabuwar uwa za ta tarar.

5.0 Abin da Yake Hana Ma'aikata Haihuwa

'Yan zaruruwan da suka rage wa ma'aikaciya ba matattu ba ne. Tana iya saka ƙwai, sai dai namiji kawai zai zama, tunda ba ta da maniyyi. Abubuwa uku suke danne ta. Na farko wani sinadari ne da uwa take fitarwa daga ƙulluttan muƙamuƙinta. Colin Butler na cibiyar Rothamsted a Ingila ya bayyana shi a 1954, aka gano babban ginshiƙinsa a farkon shekarun 1960. Masu kewaye da uwa suna lasarsa a jikinta, su yaɗa shi daga baki zuwa baki har ya game amya. Na biyu ƙamshin tsutsotsin da ba a rufe ba, wanda shi ma yake hana gidan ƙwan ma'aikata motsi.

Na ukun ya fi ban sha'awa, domin ma'aikatan ne suke tsaron junansu. A 1989 Francis Ratnieks da Kirk Visscher suka nuna cewa idan ma'aikaciya ta saci jiki ta saka ƙwai, 'yan uwanta suna gane shi su cinye. Lissafin zumunta, wanda William Hamilton ya aza harsashinsa a 1964, ya bayyana dalili. Ma'aikaciya tana tarayya da ɗan uwarta da rubu'in gado. Da ɗan shaƙiƙiyarta tana tarayya da kashi uku cikin takwas, da ɗan 'yar uwarta da suka haɗa uwa kawai kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Tunda uwa ta haɗu da maza da yawa, mafi yawan mazauna amya ba ubansu ɗaya ba, don haka ɗan uwa ya fi kusa da ita a kan ɗan wata ma'aikaciya. Sakamakon haka, a amyar da uwa take raye, kimanin namiji ɗaya cikin dubu ne kawai ɗan ma'aikaciya.

Wannan tsari yana da inda ya karye. Ma'aikatan ƙudan yankin Kef na Afirka ta Kudu, Apis mellifera capensis, suna iya haifar mata ba tare da barbara ba, abin da G. W. Onions ya ruwaito a 1912. Da aka kwashi amyoyinsu zuwa arewacin ƙasar a wajajen 1990, ma'aikatansu suka riƙa kutsawa amyoyin wani jinsi suna haihuwa ba sa aiki, aka yi asarar amyoyi dubbai. Darasi ne ga masu sha'awar shigo da ƙuda daga wata ƙasa.

Galla, ƙaramin ƙudan nan marar harbi da yake zama a kogon itace da tsagar bango, nata tsarin daban ne. Ana cika ɗaki da abinci, uwa ta saka ƙwai a kai, a rufe, babu sauran ciyarwa. A jinsuna da yawa na danginta ma'aikata suna saka wani irin ƙwai da uwa take ci a matsayin abinci.

6.0 Amyar da ta Rasa Uwa

A wata ziyara da na kai wani ƙauye kusa da Dogon Daji, wani dattijo ya sauko da amyar da ya ɗiba makonni kaɗan kafin zuwana. Ƙudan ya ragu, yana wani irin kuka marar daɗi. Da muka ɓalle saƙa ɗaya muka ɗaga ta a rana, sai ga ƙwai uku, huɗu, har biyar a ido ɗaya, wasu a manne a jikin bango maimakon gindi. Uwa ƙwai ɗaya take sakawa a ido, a tsakiyar gindinsa, domin cikinta yana kaiwa. Cikin ma'aikaciya gajere ne. Idanun da aka rufe kuma sun yi tozo a warwatse, alamar an cusa maza a ɗakin mata. Dattijon ya ɗauka ƙudan ne ya lalace ya koma haihuwar ragwaye. Ganinsa daidai ne, sai dai lalacewar ta faro ne daga daren ɗiba.

Ga yadda abin yake tafiya. Mafi yawan ɗiba ana yin ta ne da dare, da bazara, da damin ciyawa mai ci da wuta. Uwa mai nauyin ƙwai ba ta iya tashi da sauri, takan ƙone ko ta faɗo ƙasa a taka ta. Cikin 'yan sa'o'i ma'aikata suke jin rashin ƙamshinta, su nemi ƙaramar tsutsa su faɗaɗa ɗakinta su fara zuba mata madara. Ƙwan da uwa ta saka ranar mutuwarta zai ƙyanƙyashe bayan kwana uku, ya kuma yi kwana uku yana iya zama uwa. Kwana shida ke nan. Idan mai ɗiba ya kwashe saƙar 'ya'ya tare da ta zuma, kamar yadda ake yawan yi don a ci ko a matse, wannan damar ma babu ita. Babu uwa, babu ƙamshin tsutsa, sai gidan ƙwan ma'aikata ya farka. A ƙudan Turai hakan yakan ɗauki kamar mako uku, na Afirka ya fi sauri. Daga nan sai maza, su kuwa ba sa ɗebo ruwan fure, ba sa reno, ba sa tsaro.

Ko da an dace an reni sabuwar uwa, lissafin da tsawo. Kwana 11 ko 12 kafin ta fito, kamar mako ɗaya kafin barbara, kwana biyu ko uku kafin ta fara saka ƙwai, sannan kimanin kwana 20 kafin 'ya'yanta na farko su fito. Mako shida ke nan, daidai da tsawon ran ma'aikaciya a lokacin aiki. Abin da yake cike wannan giɓi shi ne 'ya'yan da tsohuwar uwa ta bari a rufe. Saƙar da mai ɗiba yake ganin ba ta da wani zuman kirki ita ce jarin amyar.

Zafin bazara yana ƙara wa lamarin nauyi. Ƙuda yana riƙe wurin reno a kan digiri 34 zuwa 35 ta hanyar ɗebo ruwa yana fifita da fukafukai, alhali a ƙasar Sakkwato zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Wani bincike da Alison McAfee ta jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya nuna maniyyin da ke taskar uwa yana fara mutuwa idan zafin da ya taɓa ta ya wuce digiri 38. Amyar da aka rage wa ƙuda, ga kogi ya ƙafe, ba lallai ta iya kare uwarta ba. Irin wannan uwa tana nan da rai, amma ƙwanta sai ya riƙa fitowa maza. Kaskon ruwa da aka jefa wa tsakuwa ko karare a gindin itacen amya yana da amfani ƙwarai a wannan lokaci.

Hukumomi da ƙungiyoyi sukan kawo amyar katako mai sanduna irin ta Kenya, ko mai firam ta Langstroth wadda aka yi wa rajista a Amurka a 1852. Fa'idarsu ta gaskiya ita ce ana iya ɗaga saƙa a duba a mayar, har a ɗauko saƙa mai ƙwai daga amya mai ƙarfi a ba wadda ta rasa uwa. Amma katako yana da tsada, kuma a shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutanen Kebbe da maƙwabtansu shiga daji yadda suka saba, ba kowa zai kai akwatin dubban nairori inda ba ya iya zuwa dubawa ba. Amyar ciyawa ma tana karɓar gyara. A amyar da take kwance, ƙuda ya fi ajiye 'ya'ya kusa da ƙofa, zuma kuma can baya. Idan aka saƙa ta da murfi a ƙarshen baya, aka yi amfani da hayaƙin busasshen kashin shanu maimakon harshen wuta, hayaƙin zai kora uwa da ma'aikata zuwa gaba. Mai ɗiba sai ya riƙa yanka daga baya, saƙa bayan saƙa, har ya iso wadda murfin idanunta ya yi ruwan ƙasa kuma ba ya ɗigar da zuma in an latsa. Nan zai mayar da wuƙarsa kube ya rufe amya.